Ɗan Aiken Saiwa

Shekara ashirin da biyu ina rini a masaƙar Kakuri.
Na san kore iri bakwai,
na san wanda yake zuba tun wankin farko.
Da aka ja ƙofar masaƙa aka ɗana mata kwaɗo
sai na gangaro bakin kogi da fartanyar aro,
na kama noman alayyahu ƙasa da gadar jirgi.
Nan na tarar da koren da hannuna bai iya haɗawa ba,
kuma shi ma zuba yake yi.

Abin da ya dame ni ƙarami ne.
Damin da na jingine kusa da ayabar Jatau
yakan wayi gari rawaya kamar mai ciwon shawara,
na gefen mai albasa kuwa ya kai azahar da kyansa.
Na zargi hannu, na zargi baki,
kwana uku ban amsa gaisuwar Jatau ba.

Ramlatu ce ta raba mu.
Ta zo hutu daga Samaru da littafi mai kaurin bulo,
ta ce, Baba, ayaba in ta nuna numfashi take yi,
wata iska ce da ido ba ya kamawa, etilin sunanta.
Ganye in ya shaƙe ta ji yake an kira magariba,
sai ya fara naɗe tabarmarsa.
Ashe zance ne tsakanin ayaba da ganye,
ni na tsoma baki da fushi.

Ta ce akwai wani kuma, daga saiwa yake hawowa.
Sau uku na sa ta maimaita sunan,
saitokinin,
na bar mata kayanta, na raɗa masa ɗan aike.
Kullum yana bin ruwan jijiya zuwa sama
yana ce wa ganye, zauna, da sauran aiki.
Ran da na sa wuƙa a kara
na datse masa hanya ke nan.
Ganye ya saurara, ya ƙara saurarawa, shiru.
Mu ma mun tsaya haka a ƙofar masaƙa,
wata da watanni, da takardun sallama a aljihu,
har muka gane abin da shiru yake nufi.

Na ƙarshen ne ya hana ni barci.
Wai ganye ba ya tafiya da garaje.
Warware korensa yake yi zare-zare,
ya aika mai amfanin sama,
wurin toho, wurin irin da bai ƙosa ba,
har ya rage ba komai sai rawaya,
wadda, in ji ta, tana nan tun farko,
kore ne ya lulluɓe ta.
Sannan a ja siririn layi a wuyansa,
a toshe bakin miki tun bai buɗe ba,
ya saki.
Duk rinin da na yi
ban ga launin da ya fita da ladabi haka ba.

Da asuba tana zuba mini koko
ta ce, Baba, furfura ta cinye gemun nan.
Na ce tana nan tun farko, baƙi ne ya lulluɓe ta.
Ta yi dariya, ba ta tambayi inda baƙin ya tafi ba,
ni ma ban ce mata ya bi kekena,
ya bi rediyo da filin Nasarawa
zuwa Samaru, zango bayan zango.

Yanzu taku goma nake bari tsakanina da ayaba.
Na sai wa Jatau shayi, bai san na mene ne ba.
Ina yayyafa wa dami ruwa daga gwangwani,
na san ba saƙon saiwa ba ne,
rarrashi ne kawai, ya kai mu la'asar.